Lallaɓa, Direban Sauya Iska

Babana direba ne, kuma a unguwarmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Lallaɓa kowa yake ce masa. Tuƙinsa ne ya jawo masa sunan, don in ka shiga motarsa kana sauri, to gara ka sauka ka taka da ƙafa. Ko ɗan ramin da akuya za ta tsallake, sai ya taka birki kamar zai gaishe shi. Ummanmu takan ce da a motarsa aka kai ta asibiti ranar da za ta haife ni, da sai na yi haƙori a hanya. Shi kuwa murmushi kawai yake yi, ya ce shi dai tunda ya kama sitiyari ko kaza bai taɓa takewa ba.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. An ce har halinta na kwaso, ba na iya ganin abu in haɗiye shi. A kantin magani nake aiki, gidan mijina kuma layi ɗaya ne tsakaninsa da gidanmu, don haka kusan kullum ina leƙa su. Ina son mahaifina, wannan ba abin tambaya ba ne. Ina kuma jin kunyar abin da ya yi, kuma son bai rage kunyar da komai ba.

Lokacin da yake saurayi soja ne ke mulki. An jingine kundin tsarin mulki, abin da aka karanta a rediyo da safe shi ne doka har a karanta wani. Yana da wa guda ɗaya, Baffana, wanda ban taɓa gani ba sai a hoto. A maɗaba'a yake aiki. Wata rana da hantsi wasu mutane suka shigo suka ce ya zo ya amsa 'yan tambayoyi, ya cire rigar aiki ya rataye ya bi su. Kakata ta yi yawon ofisoshi har takalminta ya tsinke. Ba a ce mata ga laifinsa ba, ba a ce ga inda yake ba, ba a kuma ba ta gawa ba. Kekensa na jingine a baranda har tayoyin suka ruɓe, ba ta yarda kowa ya taɓa ba har ta rasu.

Da sojoji suka sauka, aka kafa kwamiti ya zagaya gari-gari yana jin abin da mutane suke so a sa a sabon kundi. Baba mutum ne da ko a taron dangi ba ya buɗe baki, amma ranar ya je zauren taro ya ɗaga hannu. Umma tana wurin, ita ta ba mu labari. Ya ce shi bai yi karatu mai zurfi ba, abu ɗaya yake roƙo. Duk wanda hukuma ta kama, a kai shi gaban alƙali ya ga fuskarsa. In ya yi laifi a faɗa masa a gaban jama'a, uwarsa ma ta ji. Wata mata a cikin kwamitin ta rubuta, shi kuma ya zauna yana share gumi.

Da kundin ya fito, sai ga sashen a ciki: wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana biyu, ko a sake shi. Na san mutane da yawa sun roƙi haka, don ba gidanmu kaɗai aka yi wa rashi ba. Amma a gidanmu sashen Baba ake ce masa. Ya haddace shi tsaf. Baƙo in ya yi kuskuren tambayar labarin ƙasa, to shayinsa sai ya huce. Mu yara mu dinga dariya a bayan ƙofa muna maimaitawa tare da shi. Yakan ce mana, "Hukuma tana da bindiga, tana da ɗaki mai makulli. Ku ba ku da komai sai wannan. Igiya ce aka ɗaura mata a ƙafa don kada ta taka ku." Da wannan magana na girma, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Da can a ma'aikatar ayyuka yake tuƙi, daga baya aka mayar da shi wajen 'yan sanda. Ba ɗan sanda ba ne, ba ya sa kaki, direba ne kawai. Ba ya zuwa gida da motar, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. A zatonmu manya yake kaiwa taro, ko ya ɗauko kaya. Da yamma ya dawo yana ƙamshin sabulu, don kullum sai ya wanke motar da hannunsa kafin ya tashi.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda na sani daga baya. Bayan sabon kundi, lauyoyi suka fara zagaya ofisoshin 'yan sanda suna tambayar tun yaushe wane yake tsare. Sai 'yan sanda suka samo dabara. Ofisoshi uku ne a yankinmu: na kasuwa, na tasha, da na bakin gada. Kafin kwana biyun su cika, sai a ɗauki mutum daga wannan a kai shi wancan, can kuma a karɓe shi a matsayin sabon zuwa, lissafi ya koma farko. Haka za a yi ta juya shi wata da watanni, kuma ba ofishin da za a ce ya wuce wa'adi. Waɗanda ake yi wa haka su ne waɗanda aka san maganarsu ba za ta tsaya a kotu ba, ko waɗanda wani babba yake so su yi laushi. A bakinsu sunan abin sauya iska. Motar sauya iska kuwa mahaifina ne yake tuƙa ta.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Mai Rediyo. Gyaran rediyo da talabijin yake yi a wani ɗan shago a bakin titi, mutum ne mai jiki, mai dariya, ba ya wuce Baba bai tsokane shi ba. Yana da ciwon suga, a wajena yake sayen allurarsa. A lokacin kuma yana da wani gyambo a babban yatsan ƙafarsa da ya ƙi warkewa, ni nake wanke masa. Wani ya kawo masa talabijin gyara, ashe daga gidan wani babban mutum aka sato ta. Aka zo aka tafi da shi, aka ce sai ya faɗi inda ɓarawon yake. Shi kuwa ko sunan mutumin bai riƙe ba.

Matarsa, Maman 'Yan Biyu, tun ranar farko ta shigo wajen Baba. Ta ce, "Baba, kai da kake cikinsu, don Allah ka taimaka ka ji mini inda yake." Ya ce zai tambaya, idonsa a kan takalminsa. Daga nan ta shiga yawo da kwanon abinci a hannu ɗaya, fulas ɗin ƙanƙara da allura a ɗayan. Ta je ofishin kasuwa a ce an wuce da shi. Ta je tasha a ce jiya dai yana nan. Ta isa gada a ce ta dawo gobe, gobe kuma an mayar da shi kasuwa. Ni na san abin da ba ta gama sani ba. Mai irin wannan ciwo, da gyambo a ƙafa, ba allura, yana kwana a siminti, ba zai daɗe da ƙafar ba, wataƙila ma da ransa. Abin da zai cece shi a fito da shi, kuma alƙali ne kaɗai zai iya cewa a fito da shi.

Wata safiya Baba ya manta tabaransa a gida, Umma ta ce in miƙa masa tunda ofishin kasuwa a kan hanyata yake. Mai gadi ya san ni, ya nuna mini bayan gini. Na zagaya na tarar da wata shuɗiyar mota mai rufaffen baya, ba taga, sai 'yan ramukan iska a can sama. Ana fito da mutane bibbiyu da ankwa ana tura su ciki. Na ga Mai Rediyo. Da ƙyar na gane shi, yana ɗingishi, hannunsa ɗaya riƙe da wando don ya yi masa yawa. Sai na ga Baba. Yana tsaye a gaban motar, ya juya baya, yana ta goge madubin da ba abin da ya same shi, don kada maƙwabcinsa ya ga fuskarsa. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na ajiye tabaran a wajen mai gadi na fita, ban san yadda na isa kanti ba.

Da yamma na same shi a baranda yana shan shayi. Ko zama ban yi ba.

"Baba, na gan ka."

Bai tambaye ni a ina ba. Ya ajiye kofin ya ce, "Zauna, Uwata."

"Ba zan zauna ba. Matar nan kullum tana wucewa ta ƙofar gidan nan da fulas, kana gaishe ta, ka san inda mijinta ya kwana."

"Ba wanda ya taɓa wuce wa'adi a hannuna," in ji shi. "Ko mutum ɗaya. Ko ruwa ake ko rana, kafin lokaci ya cika na iso na kwashe su. In ban zo ba, ai shi ne aka karya doka."

Abin da ya fi ba ni tsoro, da gaske yake faɗi. Har da ɗan alfahari a muryarsa. Shekara da shekaru mutumin nan yana tashi da sassafe yana ganin kansa mai tsaron sashensa.

Na ce, "Alƙali ya ga fuskarsa?"

Ya ɗauki kofin ya sake ajiyewa.

"Baba, da kai nake. Kai ka tsaya a gaban jama'a ka ce alƙali ya ga fuskar mutum. Ya gani?"

Umma ta leƙo daga kicin ta ce in rage murya, ubana ne. Na ce na sani, shi ya sa abin yake ƙona ni, da uban wata ne ina ruwana.

Can Baba ya ce, "Ni direba ne. Inda aka ce in je, nan nake zuwa. In na bari, wani yaro za su sa, ya dinga wurga su a ramuka suna buga kai da ƙarfe. Ni kuwa ina lallaɓa su, ina tsayawa a inuwa, ina aika musu da ruwa." Ya ɗan numfasa. "Kuma ba ki san mutanen nan ba. Ni na san su. Na ga yadda mutum yake rataye rigarsa ya fita." Ya rage 'yan watanni ya yi ritaya, ya ce in bar shi ya fita lafiya.

Daga nan gidan Maman 'Yan Biyu na wuce na faɗa mata komai. Na zaci za ta shigo da zagi, ni ma da na taya ta. Sai ta sa mayafi ta zo ta durƙusa a gaban Baba. Ta ce, "Baba, ban ce ka buɗe mota ka sake shi ba. Kotu a kan hanyarka take, tsakanin tasha da gada. Ka shiga da shi kawai. In alƙali ya ce ɓarawo ne, na haƙura."

Baba ya ce ta tashi don Allah, ta ƙi tashi. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Amma akwai abin da zai iya: ta dinga ba shi allurar, zai ba ɗan sandan da yake rakiya ya miƙa. Kuma a gaban kotun an yi wasu tudu a titi don rage gudun motoci. In ta tsaya a nan ranar da za a wuce daga tasha zuwa gada, zai tafi a hankali yadda za ta iya bin gefen motar ta yi magana da mijinta ta ramukan iska. Ta yi godiya. Har da hawaye ta yi masa godiya, ni kuwa ina tsaye kamar in nutse.

Haka aka fara. Allurar wata rana ta isa, wata rana ɗan sandan ya manta ta a aljihu, kuma ko ta isa ba wurin sanyi a ɗakin da suke. Amma magana ana yi. Mota ta zo ta hau tudun nan kamar mai ciwon baya, ita kuma tana biye tana ɗaga murya, tana ba shi labarin yara da na shago. Ba a daɗe ba wasu matan suka ji labari. Uwaye, mata, 'yan'uwa, duk wanda nasa ya ɓace tsakanin ofisoshin nan uku. Ranar wucewa sai ka ga bakin kotu ya cika, kowa yana kiran sunan nasa, muryoyi suna amsawa daga cikin ƙarfe. Ga ƙofar kotu a buɗe, lauyoyi suna shiga da fita da jakunkuna. Mota ta gama hawa tudun ta wuce, matan su tsaya suna share ido.

Sunan Baba ya zagaya gari. Wata tsohuwa ta zo kantinmu sayen maganin tari, ta dube ni ta ce, "Ke ce 'yar Lallaɓa? Allah ya yi wa ubanki albarka, ba don shi ba da ban ji muryar ɗana ba." Na ce amin, na shiga bayan kanta na yi kamar ina neman wani abu, don fuskata ta yi zafi. A gida kuma Baba ya dawo da cin abincinsa, har yana yi wa Umma wasa. Wannan ya fi komai ɓata mini rai. Ya samu abin da zai jingina da shi, ya daina jin nauyin.

Ba mu zauna haka ba. Na raka Maman 'Yan Biyu wajen wata lauya da take taimakon irin waɗannan mutane kyauta, mace ce da gajiya ta gama bayyana a idonta. Ta samo umarni daga kotu cewa ofishin tasha ya kawo Mai Rediyo. Kafin umarnin ya isa yana gada, na tasha suka rantse ba ya hannunsu, kuma gaskiya suka faɗa. Lauyar ta ce ta san wasan nan, ta sha karo da shi. Abin da take buƙata mutum ɗaya daga ciki ya tsaya gaban alƙali ya ce ga yadda ake yi. Na kai wa Baba maganar. Ya ce in ina so in ga bayansa, in ci gaba. Na daina shiga gidan na wani lokaci, Umma ta dinga aiko mini da ƙanena yana ba ni haƙuri kamar ni aka yi wa laifi.

Ran nan Maman 'Yan Biyu ta zo kanti ta ce in raka ta bakin kotu, muryar mijinta ta canza, in zo in ji ko ni zan gane. Da tsakar rana ne, ana zafi sosai. Mota ta iso ta fara hawa tudu. Ta kira shi, shiru. Ta sake kira tana buga jikin motar da tafin hannu. Sai wata murya da ba tasa ba ta ce, "Baiwar Allah, mijinki tun safe bai yi magana ba. Ƙafar nan kuma ta fara wari, mun gaya musu sun ce in an isa gada a duba."

Ta yar da fulas ta ruga gaba ta riƙe madubin motar da hannu biyu. Ni ma na zo na tsaya a jikin tagar. Baba ya taka birki. Daidai ƙofar kotu muke, mai gadi yana zaune a kan benci yana fifita da jarida. Ɗan sandan da yake gefen Baba ya duba agogo ya ce, "Lallaɓa, mu je mana, lokaci na tafiya."

Baba ya dubi ƙofar. Ya daɗe yana dubanta. Na ce a raina yau dai zai shiga. Bai shiga ba. Ya ce mu matsa, ya juya kan motar a tsakiyar titi ya nufi asibiti, ɗan sandan yana ta masifa. Tunda nake ban taɓa ganin mahaifina ya yi gudu da mota ba sai ranar.

An ceci ran Mai Rediyo, ba a ceci ƙafar ba. Daga ƙasan gwiwa aka yanke ta. Yana kwance bai gama farfaɗowa ba wasu 'yan sanda suka zo suka cire ankwar da suka ɗaure shi da ita a jikin gado, suka ce ba wata magana, ya tafi gida in ya warke. Babban mutumin ya sayi sabuwar talabijin tuni, ya manta da zancen. Har yau Mai Rediyo bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ba kuma wanda ya ce masa ga laifinsa.

Baba ya koma gida ranar kamar wanda ya yi bankwana da duniya. Ya nuna wa Umma inda takardun gida suke, ya ce in ba a gan shi ba kada ta yi yawon ofisoshi, ta zauna ta riƙe yara. Da safe ya sa rigarsa mai kyau ya tafi aiki. Na kasa zuwa kanti, na zauna da Umma muna jira, kowa ya yi tagumi. Duk fushina sai da ya koma tsoro.

Da yamma sai ga shi, lokacin da ya saba dawowa. Ya zauna a baranda bai cire takalmi ba.

"Me suka ce?" na tambaye shi.

"Shugaban ofis ya yi faɗa a kan man da na ƙona. Ya ce in wanke bayan motar da kyau."

"Sai me?"

"Ya ce da na faɗa musu tun wuri mutumin ba shi da lafiya, da an rage wa kowa wahala."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Uwata." Ya dubi hannuwansa. "Ashe ba abin da za su yi mini."

Ban taɓa ganin fuska irin wadda ya yi ba. Da sun kama shi, da ya ce kun gani, ga abin da nake tsoro. Sai suka bar shi ya dawo gida da ƙafafunsa biyu. Umma ta kawo abinci ta ɗauke shi yadda ta kawo.

Na so in ce daga ranar ya ajiye makulli. Bai ajiye ba. Ya ƙarasa 'yan watanninsa yana juya mutane tsakanin kasuwa da tasha da gada, yana rage gudu a bakin kotu, mata suna bin mota. Ya ce mini in ya bari yanzu, me ya gyara? Na ce aƙalla lauyar nan tana nan tana jira. Ya ce zai duba. Ranar ritaya suka ba shi takardar yabo ta direban da bai taɓa yin haɗari ba, ya kawo ya tura ƙarƙashin katifa. Baƙi suka ci gaba da zuwa suna zancen ƙasa, shi kuwa sai dai ya ce Allah ya kyauta. Ya daina zama a ƙofar gida, in zai fita sai ya zagaya ta bayan layi don kada ya wuce shagon gyaran rediyo.

Bayan an sallami Mai Rediyo ya ɗan yi ƙarfi, wata la'asar ina gidan muka ji sallama da ƙarar sanduna a kan siminti. Shi ne, da matarsa a bayansa. An naɗe ƙafar wandon an soke ta da fil. Baba ya miƙe tsaye kamar wanda aka kama yana sata. Na kawo kujera, matar ta taimaka masa ya zauna, ya jingina sandunan a bango.

Ya ce, "Baba Lallaɓa, ka yi wuyar gani. Na ce tunda mai ƙafa biyu ya ƙi zuwa, bari mai ɗaya ya zo." Ya yi dariya shi kaɗai. "Godiya na zo yi. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai gawa. Ga ruwan da kake aiko mana, ga inuwa. Duk waɗanda muke ciki suna yi maka addu'a."

Baba ya ce, "Kada ka gode mini." Ya sake cewa, "Don Allah kada ka gode mini. Kotu a kan hanyata take. Kullum ina wuce ƙofarta da kai a bayana. Tun ƙafarka tana da sauƙi nake wucewa."

Mai Rediyo ya daina dariya. Ya shafa gwiwarsa, ya yi magana a hankali, ba da fushi ba.

"Na sani, Baba. In na ɗage a kan ƙafar mai lafiya ina hango ƙofar ta ramin iska, har mai gadin nake gani. Tun ranar farko na gane tuƙinka, wa zai ɓata shi? Na ce wa na cikin motar su kwantar da hankalinsu, direban nan maƙwabcina ne, shi ya sa a rubuta maganar alƙali a kundi." Ya waiwayi matarsa. "Kina ta mita wai ba na amsa miki da wuri. Ai duk lokacin da ya rage gudu, shiru nake yi ina saurare, in ji ko motar za ta karkata ta shiga."

Can ya ce bari su koma, ƙafar ba ta son dogon zama. Baba ya matso da sauri zai kama shi, amma matar ta riga shi sa kafaɗa. Sai ya ɗauko sandunan ya tsaya riƙe da su, kansa a ƙasa, har ta miƙo hannu ta karɓa.